Allon bango daga Ayaland: me ke jikinsa?

Tambaya: Ɗana da ke karatu a Dublin ya aiko mini da allon ado na baƙin dutse. An sassaƙa hannaye biyu riƙe da zuciya mai kambi, a ƙasa an rubuta "Céad míle fáilte". Kafin in rataye shi a falo, ko akwai wani abu na ibada a ciki? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, rataye abinki. Rubutun harshen Ayaland ne na gado, ba Turanci ba, kuma cewa yake "maraba sau dubu ɗari". Shi ya sa can kusa da ƙofar shiga suka fi sa shi. Hannayen kuwa ana kiransu Claddagh, sunan wani tsohon ƙauyen masunta a bakin birnin Galway. A zobe aka fara saninsu, wajen ƙarni na 17: hannaye abota, zuciya ƙauna, kambi riƙon amana. Yaron ya iya zaɓe.

Amma tambayarki tana kan hanya, don wasu alamominsu na Kiristanci ne tsantsa. Gicciyen Brigid, wata waliyyiyar Kiristocin Ayaland, da ake saƙawa da ciyawar fadama don bikin 1 ga Fabrairu, a saman ƙofa ake rataye shi da fatan kare gida daga gobara. Ganyen shamrock mai kunne uku, an ce da shi Waliyyi Patrick ya yi wa mutane bayanin Triniti, aƙidar Kirista ta Allah ɗaya cikin uku, ko da yake yau har a rigar ƙwallo ake ganinsa. Gaisuwar "Dia duit" addu'a ce, Allah ya kasance tare da kai, mai amsawa kuma ya ƙara da sunan Maryam. "Sláinte" lafiya ce kawai, sai dai wajen ɗaga kofin giya aka fi faɗarta. Garayar Ayaland ba ruwanta da coci, tambarin ƙasa ce, tana jikin fasfo da kwabban yuro nasu.

Inda ba na yarda da masu sayarwa shi ne zanen igiya mai sarƙaƙiya. Tsoho ne, gaskiya, ya cika Littafin Kells, wani kwafin Linjila rubutun hannu na wajen shekara ta 800. Amma takardar da ke cewa wannan ƙulli "uwa da ɗa" ne, wancan "ƙarfin zuciya", yawanci dabarar kasuwa ce ta zamani.

In kina son sanin ko allon aikin hannu ne, ki shafa harufan da yatsa. In kurfi aka yi aikin da shi, za ki ji zurfin bai zo ɗaya ba. Na inji sumul yake fitowa.