Haɗaɗɗen man motar rimot: kwana nawa yake yi kafin ya lalace?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune ne a unguwar Nima, a Accra. Yayana ya aiko mini da motar rimot daga Jamus, babbar nan mai injin fetur 29cc. Kafin azumi na haɗa lita 5 na fetur da man 2T (man shafawar inji da ake gaurayawa da fetur) a galan, na yi wasa da ita sau biyu, sai na ajiye sauran a baranda. Yau wata biyu da rabi ke nan. Jiya na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami kafin ta tashi, da na ba ta wuta kuma sai ta mutu. Man ne ya lalace? Sannan wani abokina ya ce in riƙa sayen firimis, wato fetur ɗin injin kwale-kwalen masunta, tunda a haɗe yake kuma ya fi araha.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka taɓa komai a jikin motar nan, tsiyayi man kaɗan a kwalbar gilashi mai tsabta, ka ɗaga ta a haske, sannan ka sansana. Sabon fetur warinsa na da kaifi, yana dukan hanci nan take. Wanda ya tsufa kuwa sai ka ji yana tsami-tsami kamar banishin kafinta, launinsa ya yi duhu, wani lokaci har ka ga ɗigon ruwa kwance a ƙasan kwalbar. Bisa yadda ka bayyana, ina kyautata zaton abin da za ka tarar ke nan.

Ƙa'idar da nake bi ita ce kwana 30. Kamfanonin Stihl da Husqvarna, masu ƙera zarton inji, su ma shawarar da suke bayarwa ke nan: kada a haɗa abin da ya wuce na wata guda. A zafin Accra, musamman galan da ke zaune ƙarƙashin rufin kwano, ni da ya kai mako uku na fara yi masa kallon zargi.

Man 2T ɗin kansa yana iya shekaru a rufe bai yi komai ba. Fetur ɗin ne ke tsufa. A cikinsa akwai sassa marasa nauyi masu saurin tashi sama, su ne ke kama wuta da farko idan inji yana sanyi, kuma su ne ke fara gudu duk lokacin da galan ya ɗau zafi. Shi ya sa kafaɗarka ta sha wahala. Abin da ya rage kuma iska tana cinsa a hankali har ya fara fitar da wani danƙo kamar ƙaro. Iskarmu ta bakin teku cike take da laima. Galan da ya rage rabi yana shaƙar ta da dare idan murfin bai kama sosai ba, ta zama raɓa a ciki. Idan fetur ɗin na da itanol ma, wato sinadarin barasa da ake gauraya wa wani fetur, abin ya fi muni, domin itanol janyo ruwa yake yi.

Inda abin ya fi damuna shi ne kafireta. Yawancin motocin nan ƙaramar kafireta suke ɗauke da ita, samfurin Walbro ko makamanciyarta, wadda hanyoyin man cikinta ba su fi kaurin allura ba. Akwai wata 'yar rariya da ba ta kai farcen ɗan yatsa ba, da wata siririyar fatar roba da ke bugawa tana jawo mai. Na buɗe irinsu da yawa bayan an ajiye su da mai a ciki: rariyar ta yi ja kamar an shafa mata zuma ta bushe, fatar kuma ta ƙame, idan ka lanƙwasa ta tana ƙara kamar busasshen ganye. To a irin wannan inji, man shafawa tare da fetur yake shiga, ba shi da wata hanya dabam. Idan hanya ta toshe rabi, fetur ya ragu, man shafawa ma ya ragu, alhali injin yana juyawa fiye da sau 10,000 a minti guda. Zafi ya hau, fistin ya cije a jikin silinda. Saboda haka ina roƙonka, kada ka ɗauki sukundireba ka fara murɗa alluran H da L na kafireta, masu daidaita shigar mai, don ka tilasta mata tafiya a kan tsohon mai. Zuba sabo tukuna. In ta ci gaba da mutuwa, sai a wanke kafireta, a sauya fatar.

Kuskuren farko shi ne lita 5 ɗin. Tankin motar bai kai lita guda ba, kuma cikinsa ɗaya yana kai ka kusan rabin awa ko fiye. Haɗa lita 1 ko 2 ranar da za ka fita ya wadatar. Yawancin injinan nan kashi 25 na fetur suke so a kan kashi 1 na mai, wato mililita 40 a kowace lita, amma duba littafin motarka. Auna da sirinji, kada ka yi da ido. Zuba rabin fetur, zuba mai, girgiza, sannan ka cika ka sake girgizawa. Manna takarda a jikin galan ka rubuta kwanan wata.

Wajen ajiya, jarkar ƙarfe ko ta roba mai kauri da aka yi don fetur ita ce daidai, mai murfi da zoben roba. Robar ruwan sha ba ta dace ba sam, ga haɗarin yaro ya ɗauka ya kurɓa. Galan ɗin nan rawaya da muke kira Kufuor galan ma na man girki ne, murfinsa ba ya riƙe tururin fetur. Zaɓi jarka daidai da yawan manka, ta kusa cika amma da ɗan sarari a sama saboda kumbura. Ajiye ta a inuwa, inda iska ke wucewa, nesa da kurfoti da tukunyar gas da janareta. A gidan haya mai yawan jama'a irin namu na zango, wannan ma wani dalili ne na haɗa kaɗan. Akwai maganin hana fetur tsufa, irin su Sta-Bil, yana ƙara masa watanni idan an zuba tun yana sabo, amma ba ya farfaɗo da wanda ya riga ya lalace.

Idan ka gama wasa kuma ka san za a yi makonni, juye tankin, ka tayar da injin ya yi ta gunaguni a hankali har ya mutu da kansa.

Batun firimis kuwa, a'a. Gwamnati ta sa masa tallafi ne domin masu kwale-kwale na Chorkor da Jamestown da Tema da sauransu, karkatar da shi kuma laifi ne. Ko ba don haka ba, an haɗa shi ne don injin jirgin ruwa wanda ruwa ke sanyaya shi. Naka iska ce kawai ke sanyaya shi, ya fi zafi nesa ba kusa ba. Nemi man 2T da aka rubuta JASO FD a jikinsa, da fetur sabo daga gidan mai da ke da ciniki sosai.

Ga masu ƙananan motocin naitiro da ke karanta wannan, naku man dabam ne, metanol ne tushensa. A rufe yana wuce shekara lafiya, amma yana zuƙar ruwan iska da sauri ƙwarai, don haka da ka tsiyaya ka mayar da murfi.

Saura tsohon man da ke barandarka. Don Allah kada ka juye shi a kwata. Fetur yawo yake a saman ruwa ya tafi da wuta inda ba a zata ba, kuma duk mutumin Accra yana tuna daren 3 ga Yuni, 2015 a Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, lokacin da ambaliya ta kwashi mai wuta ta bi shi, aka rasa sama da mutum 150. Rufe galan ɗin da kyau, ka kai wa bakanike da ke tara tsohon mai, ka gaya masa cewa haɗaɗɗe ne kuma ya kwana biyu.