Amsa ga mai son shigo da ruwan inabi marar barasa daga Turai

Alhaji, ka ce za ka Faransa da Sifen ka gana da masu gonakin inabi don ka riƙa kawo na kwalba marar barasa nan Gombe, kana kuma fargabar kada harshe ya kawo cikas. Kana da gaskiya, kuma cikas ɗin daga Hausarmu yake farawa.

"Ruwan inabi" muke ce wa wanda aka matse bai tsima ba, da shi kuma wasu ke kiran giyar inabi. Tafinta na iya mayar da shi vin, wato giyar inabi da Faransanci, sai ka ga an jera maka barasa. Rubuta sunan a takarda ka nuna: jus de raisin da Faransanci, mosto ko zumo de uva da Sifaniyanci. Inda na fi so ka natsu shi ne kalmar désalcoolisé. Wannan giya ce cikakkiya da aka janye wa barasa daga baya, kuma dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a kira ta haka ko da akwai sauran barasa har 0.5 cikin ɗari. Shi mai gonar ba yaudara yake nufi ba, a wurinsa marar barasa ce, amma ba ita masu biki a Gombe ke nema ba. Tambaye su kuma da me suke tacewa, domin wasu na amfani da jelatin, wanda kan fito daga alade. Karɓi takardar halal da sakamakon gwaji kafin ka biya ko sisi.

Lissafinsu ma daban ne: 0,5 rabi ne, 1.200 kuwa dubu ɗaya da ɗari biyu. Hectolitre lita 100 ne, katan yawanci kwalba 6 masu santilita 75. In ka ga EXW a gefen farashi, kuɗin kaya ne a bakin ƙofarsu, jigila har Legas da rajistar NAFDAC suna wuyanka.

Al'adarsu ce su miƙa wa baƙo kofin giya ya ɗanɗana, don haka sanar da su tun a wasiƙa cewa ba ka shan barasa. In ka ce insha Allah, haɗa da rana da adadin katan, kada su ɗauka kana zillewa ne. Kada ka taya rabin farashi, nemi ragi bisa yawan kayan da za ka ɗauka. Ka kuma kauce wa Agusta da Satumba, hutu ne da girbi, da wuya ka samu mai zama da kai.