Ka ce in taya ka sauƙaƙa tambayoyi?

Saƙonka ya iso, ɗana. Ka ce 'yan JSS2 ɗinka sun zube a gwajin lissafi, mai makaranta ya kira ka ofis wai iyaye na ƙorafi, shi ne kake so in nuna maka yadda ake tsara tambayoyin da kowa zai ci. Wallahi ba don mutuncin mahaifinka ba da ban amsa ba. Sai dai ka fama mini tsohon miki, don haka ka saurara.

Na koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi nan Agege. Akwai wani yaro a ajina, ɗan wani dillalin shanu a Abbatuwar Oko-Oba. Yaro mai ladabi, kansa na ja, amma an yi ta tura shi gaba aji bayan aji ba tare da ya iya lissafin ɓangarori ba. A gwajina 35 yake samu, wani lokaci 38. Haka nake rubutawa a takardar maki, har in ƙara a gefe cewa yaron nan yana buƙatar darasin yamma. In miƙa wa mai makaranta, shi ne ke cika katin sakamako ya aika gidaje. Ashe bawan Allahn nan zama yake da biro yana rufe bakin 3 ta koma 8. Dalili? Alhaji, uban yaron, na da 'ya'ya da yawa a makarantar, kuɗinsa ba ya latti, ga ragon Sallah duk shekara.

Aka zana WAEC, sakamako ya fito, F9 a lissafi, wato faɗuwa warwas. Ka kuwa san a lokacin da wuya jami'a ta dube ka in ba ka da kiredit a lissafi da Turanci. Alhaji ya zo da safe ana asambule, ya zaro katunan nan daga aljihun babbar riga, ya watsa mini a fuska gaban ɗalibaina, ya kira ni maci amana. Na juya ina kallon mai makaranta, ina jiran ya yi magana. Ya harɗe hannu ya ce, "Ai Malam ne ke ba da maki." Aka sallame ni, albashin da nake bi har yau ban gan shi ba. Kuɗin ban damu da su ba kamar sunana da ya ɓaci a Zango, unguwar Hausawa ta Agege, har mutanen da muke sahu ɗaya a masallaci suka janye 'ya'yansu daga darasin da nake yi a gida. Shi kuwa yaron, da ubansa ya ga 35 ɗin nan tun farko, zangon karatu biyu sun isa in gyara shi. Na bar wa Allah, amma ban yafe ba.

To hanyar da maigidanka yake so ya ɗora ka ke nan. Gwaji sikeli ne, wanda ya murɗa shi don mai saye ya yi murmushi, ɓarawo ne.

Ba zan tsaya ina gaya maka ka bi manhaja ko ka tambayi abin da ka koyar ba. Wanda ya yi NCE, karatun zama malami, bai san wannan ba, ya mayar musu da satifiket ɗinsu. Ciwonku 'yan yanzu ɗaya ne: sai daren gwaji ku ɗauki waya ku kwafo tsofaffin tambayoyi daga intanet, ba ku ma zauna kun warware su da hannunku ba. Tun 1982 da aka fara aiki da tsarin karatu na 6-3-3-4 aka shigo da gwaji a kai a kai domin malami ya gano ramin da yaro ya faɗa tun kafin babbar jarrabawa. Ku kun mayar da shi cike gurbi a rajista.

Ga abin da za ka yi. In za ka sa tambayar zaɓi, amsoshin bogi su fito daga kuskuren da yara ke yi da gaske. Ka tambayi 1/2 + 1/3. Amsa 5/6 ce, amma lallai ka sa 2/5 a cikin zaɓin, domin duk wanda ya ɗauke ta ya gaya maka da bakinsa cewa sama da sama yake haɗawa, ƙasa da ƙasa. Ka sa 1/6, wannan ya ninka ne maimakon tarawa. Bayan ka gama maki kada ka rufe takardun. Ja layi a littafi, tambaya bayan tambaya, ka ƙirga nawa suka ci, sauran me suka zaɓa. In rabin aji sun tafi 2/5, ranar Litinin darasin nan za ka sake, ko da me manhaja ta ce. In kuma ka ga haziƙan aji sun faɗi tambayar da na baya suka ci, tambayar ce ke da lahani, cire ta.

Ka kula da harshe kuma. Yaron da ke tashi da Hausa a gida, Yarbanci a titi, yana ba da canji a kasuwar Mile 12 ba ya kuskuren naira ɗaya, sai ka jibga masa dogon Turanci ka ce bai iya lissafi ba. Karanta masa tambayar da Hausa ka gani. In ya warware, matsalarsa ta malamin Turanci ce, je ka same shi.

Kuma duk makin da ka miƙa ofis, ka riƙe kwafinsa a littafinka, da kwanan wata da sa hannun hedimasta. Ranar Asabar bayan La'asar ka kawo mini takardun yaran nan duka, da tambayoyin, mu duba tare.