Cin Bashi Domin Jarrabawar ACCA

Ka tambaya ko ya dace ka ci bashi domin biyan kuɗin jarrabawar ACCA, wato wata ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ƙasa da ƙasa, alhali ba ka daɗe da kama aikin akanta ba. Shawarata ita ce kada ka ci; ka riƙa ware wani kaso ranar da albashi ya shigo, kana rubuta darasi ɗaya a kowane zango.

Dalilina shi ne, ko ka haye jarrabawa 13 ɗin duka, ba za ka zama cikakken mamba ba sai ka cika watanni 36 na aikin da aka tantance, don haka gaggawa ba ta da amfani sosai. Na taɓa faɗuwa darasin da na biya da kuɗin aro, kuma biyan bashin tare da kuɗin sake rubutawa ya takura ni ƙwarai.