Amsa ga ƙaninmu mai tambaya kan aikin kamp da kiran hidima

Salama ƙanina. Na ga tambayarka tun jiya, sai yanzu na samu zama. Ka ce ka samu gurbin aiki a wani sansanin yara na Kirista a Amurka na hutun bazara, kuma ka daɗe kana jin kamar Ubangiji na kiranka aikin hidima, shi ne kake tambaya ko wannan kamp ɗin ne ƙofar shiga, har kana tunanin in an tashi ka ajiye karatun jami'a ka wuce makarantar tauhidi kai tsaye. Na ga wasu sun riga sun ce maka je ka kawai Allah ne ya buɗe hanya. To ni ma cewa zan yi ka je, amma maganar ajiye karatu ka ɗan dakata tukuna, don na yi aikin nan lokacin ina ɗalibi, daga baya kuma na zauna cikin dattawan da ke zama da matasa masu cewa an kira su, na ga abin ta gefe biyu.

Bari in fara da shi aikin kansa don ina ganin hoton da ke kanka daban ne da abin da za ka tarar. Yawanci ana farawa wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni a tashi cikin Agusta, kafin yara su iso akwai horon ma'aikata na mako guda ko biyu, a nan za su koya maka taimakon gaggawa, da yadda ake lissafa yara a bakin ruwa, da abin da za ka yi in yaro ya ɓace ko ya gaya maka ana cin zarafinsa a gida. Sannan a ba ka ɗaki da yaranka. Ƙa'idar ƙungiyar American Camp Association ga sansanin kwana ita ce babba ɗaya ga yara shida in 'yan shekara 6 zuwa 8 ne, ɗaya ga takwas in 9 zuwa 14 ne, ɗaya ga goma in sun kai 15 zuwa 18, a takarda ka ga kamar ba yawa, amma yara takwas 'yan shekara goma da ba su taɓa kwana nesa da iyayensu ba, kai ne uwa kai ne uba kai ne alƙali, tun daga tashin safe har a kashe fitila, wani kamp ɗin ma wayarka karɓewa suke sai ranar hutunka.

Wa'azi kuwa, ka cire rai. Akwai mai wa'azin da aka gayyato na mako, shi zai tsaya a gaba da yamma. Naka rabon shi ne 'yar addu'ar dare ta minti goma a ɗaki, rabin yaran na gyangyaɗi ɗaya na ƙoƙarin ba sauran dariya. Sauran aikin gaba ɗaya neman takalmin da ya ɓace ne, da raba faɗa kan wa zai kwana a gadon sama, da tabbatar da cewa mai shan magani ya je wajen nas a kan lokaci.

Akwai abin da kusan duk wanda ya riƙe ɗaki ya gamu da shi, cikin tsakar dare sai ka ji ana taɓa ƙafarka a hankali, ka buɗe ido ka ga yaro tsaye yana rawar jiki ya yi fitsarin kwance kuma abin da yake tsoro a duniya shi ne sauran su sani. Za ka tashi ba tare da ka kunna fitila ba, ka tashi abokin aikinka don kada ya zama kai kaɗai ne da shi, ka ba shi kaya ya canza, ka naɗe shimfiɗar ka fitar da ita ta baya a wanke a dawo da ita kafin kowa ya farka, da safe kuma ka gaishe shi kamar ba abin da ya faru. Ba wanda zai tafa maka, shi kansa yaron ba lallai ya ce na gode ba don kunya. Ni a ganina in kana son sanin ko kana da zuciyar makiyayi, abin da ka ji a ranka a daidai wannan lokacin ya fi abin da ka ji a wajen sujadar yamma gaya maka gaskiya. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma ta wannan fannin kamp gwaji ne mai kyau sosai, shi ya sa na ce ka je.

Na ambaci tashin abokin aiki, kar ka ɗauke shi wasa. Dokar ita ce babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, ko a ɗaki ko a mota ko a saƙon waya bayan an tashi, kullum a samu na uku ko a tsaya inda ake gani. An yi ta samun badaƙalar cin zarafin yara a wasu manyan sansanonin Kirista a can, kuma sau da yawa mutumin da kowa ke yabo ne, mai iya magana wanda yara ke so, shi ya sa za su binciki tarihinka su nemi masu tsaya maka kafin su ɗauke ka. In ka ga kamp ɗin da bai damu da wannan ba, yana cewa ai duk 'yan'uwa ne a cikin Ubangiji, tattara kayanka. Kuma wannan horon zai bi ka har cikin ikilisiya in ka zama fasto.

Yanzu inda nake so ka buɗe kunne. Daren ƙarshe na kowane mako ana hura wuta a fili, ana waƙa a hankali, kowa ya gaji ba a yi barcin kirki ba, yara na kuka suna ba da shaida, wasu na karɓar Yesu, kai ma hawaye za su zo maka kuma za ka ji wallahi-tallahi irin na zuciya cewa ba abin da kake so ka yi da ranka sai wannan. Ban ce ƙarya ba ne, Ruhu Mai Tsarki na aiki a irin wuraren nan na gani da idona. Amma ka tuna an tsara wurin ne don haka, an raba yaran da waya da talabijin da rigimar gida, an kewaye su da manya masu fara'a, komai na mako guda ne. Ikilisiya ba haka take ba. A ikilisiya mutanen nan ɗin dai su ne za ka gani shekara da shekaru, dattijon da bai yarda da kai ba yana nan kowace Lahadi a kujerar gaba, matar da ka yi wa addu'a ba ta warke ba kai za ka tsaya a jana'izarta, ga taron kwamitin kuɗi, ga ma'auratan da ka sasanta sun dawo da rigimar nan dai. Na ga samari da suka haskaka a kamp, suka shiga hidima da zafin nan, bayan ɗan lokaci suka ce wai kiran ya tafi, alhali ba kiran ba ne ya tafi, yanayin kamp ɗin suke nema ba su samu ba.

Mutane na son kawo labarin shahararren mai wa'azin nan Billy Graham a nan, cewa ai a sansanin Forest Home da ke duwatsun Kalifoniya ne ya durƙusa cikin dare a Agustan 1949 ya yanke shawarar zai dogara da Littafi Mai Tsarki duk da shakkun da ke damunsa, makonni kaɗan bayan haka taron wa'azinsa na Los Angeles ya sa duniya ta san shi. Gaskiya ne an yi haka. Abin da ba a faɗa shi ne lokacin shekararsa 30, an naɗa shi fasto tun 1939, ya gama makarantar Littafi Mai Tsarki a Florida, ya gama kwalejin Wheaton a 1943, ya riƙe ƙaramar ikilisiya a jihar Illinois, ya yi shekaru yana wa'azi da ƙungiyar bishara ga matasa ta Youth for Christ. Wato ba sansanin ne ya fara kiran ba. Ita kanta Henrietta Mears da ta kafa wurin a 1938, malamar kimiyya ce a da, kuma ainihin aikinta shi ne makarantar Lahadi ta cocin Presbyterian na Hollywood wadda ta riƙe tun 1928, sansanin reshe ne na aikin da take yi duk shekara da yaran da ta san sunayensu. Haka Jim Rayburn da ya fara Young Life, wata ƙungiyar bishara ga matasa, a Texas a 1941, shekaru ya yi yana bin 'yan sakandare a inda suke kafin maganar manyan sansanoni ta zo.

To ta yaya ake gane kira? Ni abin da na sani shi ne yana da ƙafa biyu, akwai abin da kake ji a ciki, akwai kuma abin da ikilisiya ta gani a kanka, in ɗaya babu to a jira. Duba Ayyukan Manzanni sura 13, Barnaba da Shawulu suna cikin hidima a Antakiya ne aka keɓe su, kuma ikilisiya ce ta yi azumi da addu'a ta ɗora musu hannu, ba su suka tashi suka naɗa kansu ba. Ka sake karanta 1 Timoti sura 3 a hankali ka ƙirga, kusan duk sharuɗɗan zama shugaban ikilisiya hali ne, kamewa, karɓar baƙi, rashin son kuɗi, rashin faɗa, riƙon gida, iya koyarwa ne kaɗai ya shafi baiwa, sannan ya ce kada ya zama sabon tuba don kada girman kai ya kama shi. Irin waɗannan abubuwa shugaban kamp da ya san ka wata biyu ba zai iya shaidarsu gaba ɗaya ba, fastonka da dattawan da suka ga tasowarka su ne za su iya. Ka gaya wa fastonka wannan maganar kuwa? Don ban ga ka ambace shi a tambayarka ba, kuma in mu ka fara tambaya kafin shi to ka koma ka gyara tun kafin ka tafi.

Maganar karatu kuma, ko ta fuskar lissafi ajiye digiri ba dabara ba ce. A Amurkan da kake magana, digirin da yawancin manyan ɗariku ke nema kafin naɗi shi ne Master of Divinity, kusan shekara uku ne, kuma akasari sai kana da digirin farko za su ɗauke ka. Su Presbyterian sai ka bi ta hannun dattawan cocinku da majalisar yanki, ka rubuta jarrabawa, su Baptist kuwa ikilisiyar da kake ciki ce ke naɗawa, kowace ɗarika da tsarinta, amma ba wadda na sani da ke cewa aikin kamp ya wadatar. Sannan fastoci da yawa na ƙananan ikilisiyoyi da wata sana'ar suke ciyar da gida, Bulus ma ɗinkin tanti ya yi a Koranti tare da Akila, saboda haka wannan digirin da kake gani kamar yana ɓata maka lokaci wataƙila shi zai ba ka damar yin hidima a inda ba su da abin biyan fasto.

Kuɗin kamp ɗin ma kar ka sa masa rai, ɗan alawus ne da wurin kwana da abinci, wasu ƙungiyoyin ma aikin sa kai ne gaba ɗaya, waɗansu kuma in ka zama ma'aikacin dindindin kai za ka nemo masu tallafa maka da albashinka, wannan kuwa wata makaranta ce daban, ba kowa ke iya zama gaban mutum ya ce ina neman ka riƙa ba ni wani abu duk wata ba. In daga waje za ka shiga, bizar J-1 ce ta masu kula da yara a sansani, sai ka kai shekara 18, ta hannun hukumar da ke ɗaukar nauyi ake bi, kuma ba ta wuce wata huɗu. In ta ƙare ka fito. Mai son ya zama fasto bai kamata ya fara da karya alkawarin da ya sa wa hannu ba.

In ka je ga abin da zan so ka yi. Ka nemi babba ɗaya a cikin ma'aikatan dindindin, ba mai wa'azin mako ba, irin wanda ya daɗe a wurin yana gyaran famfo yana tuƙa bas, ka roƙe shi ya riƙa lura da kai ya gaya maka gaskiya a ƙarshe, har da abin da ba za ka so ji ba. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta abin da ya faranta maka rai da abin da ya ƙona maka rai kowace rana ko layi biyu ne, musamman a tsakiyar Yuli lokacin da gajiya ta kai ko'ina muryarka ta dushe kuma ka fara jin haushin abokin ɗakinka ba dalili. Ranar hutunka ka yi barci, kar ka ce za ka nuna ƙwazo, Iliya ma bayan abin da ya faru a Dutsen Karmel gudu ya yi ya kwanta ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa, mala'ika bai yi masa wa'azi ba, abinci da ruwa ya ba shi ya bar shi ya sake kwanciya. Kuma ka yi wa kanka alkawari ba za ka yanke wata babbar shawara ba sai ka dawo ka yi 'yan watanni cikin rayuwar yau da kullum, ka karɓi ajin makarantar Lahadi ko zumuntar matasa a cocinku, irin wanda wata ranar mutum uku ne za su zo, ka ga ko har yanzu kana shirya darasi da zuciya ɗaya.

Kafin ka sa hannu a takardarsu ka tambaye su awa nawa ne hutunka a mako, wa ke biyan kuɗin asibiti in ka ji ciwo, kuma ka karanta bayanin bangaskiyarsu da kyau don wasu sansanonin koyarwarsu kan baftisma da baye-bayen Ruhu ta bambanta da ta cocinku, gara ka sani tun yanzu da ka ji a bakin yaro ɗan shekara goma sha biyu yana yi maka gyara. Ka gaya min ɗarikar da kake da shekarar da kake a jami'a, sai in san abin da zan ƙara maka kan matakan naɗin.