Ƙanina yana cewa ya gaji da rayuwa, in tambaye shi kai tsaye?

Ɗan'uwa, kana tsoron kada tambayarka ta cusa masa tunanin kashe kansa. Ka tambaye shi. A 2005 Madelyn Gould ta Jami'ar Kolombiya ta gwada hakan a kan ɗaliban sakandare a Amurka, ta gano tambayar ba ta ƙara musu wannan tunani.

Sai ka kasa kunne sosai. Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pensilbaniya, ya daɗe yana bibiyar masu ciwon damuwa, ya ga yanke ƙauna ya fi tsananin baƙin ciki nuna haɗari. Wanda ke cewa gobe ba za ta taɓa gyaruwa ba, shi ne abin tsoro, ko da yana dariya cikin mutane.

Don Allah kada a ce masa raunin imani ne. Hakan rufe masa baki yake yi. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

In ya ambaci hanya ko ranar da zai kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da magunguna, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa yau, kamar na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato.