Ina so in mayar da tsohuwar ganga teburin gem, ta ina zan fara?

Tambaya: Salam malam, ina zaune a kudancin Faransa, na sayi tsohuwar gangar katako irin wadda ake tsuma giyar inabi a ciki, ina so in mayar da ita teburin gem irin na da, su Pac-Man, saboda yarana. In fara da yanka ƙofa a jikinta ko da sayen na'urori?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Dan Allah ajiye zarton nan tukuna, ka fara da zobban ƙarfen da suka ɗaure gangar. Irin wannan ganga ba gam ba ƙusa a jikinta, fallayen katakon itacen oak ne aka jera aka matse su da zobba, danshin abin da ke ciki shi ke kumbura katakon ya riƙe kansa, toh yanzu da ta zama fanko kuma za ka shigar da ita ɗaki mai hita, katakon zai bushe ya tsuke, zobban su zame ƙasa, in kuma ka riga ka yanka ƙofa sai ka wayi gari ta wargaje maka. Don haka ka wanke cikinta sosai, ka bar ta ta bushe a inuwa na wasu makonni, ka buga zobban da guduma su koma su matse, sannan ka huda ka ɗaura sukuru ta cikin kowane zobe zuwa kowane falle na katako, kar ka tsallake ko ɗaya. Aiki ne mai cin rai amma shi ne rabin aikin gaba ɗaya. Wurin da za ka yi ƙofa ma ka haɗe fallayen da ƙarfe ta ciki kafin ka yanka. Cikin kuma ka goge shi da samfefa ka shafa banish, in ba haka ba warin tsami da fumfuna ba za su bar ka ba.

In irin ta yankin Bordeaux ce mai lita 225, tsayinta wajen santimita 95 ne, kaga ta fi teburan ainihi da aka yi wa Space Invaders na 1978 da Pac-Man na 1980 tsayi, sai dai yara su hau doguwar kujera ko su buga a tsaye. Nauyinta ya kusa kilo 50, ka sa mata tayoyi masu birki.

Na'urorin kam masu sauƙi ne. Raspberry Pi, wato 'yar ƙaramar kwamfuta, da RetroPie, manhajar da ke kunna tsofaffin gem a kanta, sun ishe ka, sai ƙaramin allon USB da zai haɗa sandar wasa da maɓallai. Monita ka nemi tsohuwa mai inci 17 ko 19 wadda ba mai faɗin nan ba, ka kwantar da ita gajeren gefenta na kallon ɗan wasa, domin a haka aka zana su Galaga da Pac-Man. Ni dai na fi son irin monitar da ake kira IPS, wadda hotonta ke fitowa ko daga gefe, saboda daga gefe ake kallon tebur kuma mai araha hotonta dushewa yake. A cikin MAME, manhajar da ke kwaikwayon injinan gem na da, ka kunna cocktail mode, shi ke juya hoton ya fuskanci na ɗaya ɓangaren in layinsa ya zo. Sandar kuma ka sayi wadda ake iya kulle ta a hanya 4, wato sama, ƙasa, hagu da dama, da mai hanya 8 Pac-Man maƙalewa yake a kwana, yara su yi ta zaton gem ɗin ne ya lalace.

Saman ka sa gilashin tempered mai kauri, wato wanda aka gasa don ya yi ƙarfi, tunda yara ne, kuma ka ba da awo daidai tun farko don ba ya yankuwa bayan an gasa shi. Ramin toshiyar da ke gefen gangar ka fitar da wayar wuta ta nan, sannan ka huda wani ta sama ka sa ƙaramar fanka, zafin monita a rufaffiyar ganga yana ƙara busar da katakon.